Yadda ake ƙera ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi

Mu nan Sakkwato jirgin ƙasa a bakin tsofaffi munka fara saninshi, don dogo bai taɓa shigowa birnin Shehu ba, ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, nan anka ja mishi birki. Kakana, Allah shi jiƙan shi, ya sha ba mu labarin kai gyaɗa tasha, wai kan jirgin shina huci kamar bajimin sa, ana ɗura mishi kwal ɗin Inugu da shebur. Wannan hucin ne ya tsaya man a rai har na girma na ce sai na ƙera nawa, ko da ɗan ƙarami ne da za a ɗauka da hannu guda. Ba na batir ba, na gaske, wuta da ruwa da tururi, irin dabarar da Richard Trevithick ya fara ɗorawa bisa dogo a 1804 can ƙasar Birtaniya.

Wanda zan koya maka shi ne mafi sauƙi: tukunya guda a kwance, silinda guda mai lilo, taya huɗu, wutar sifirit. Kada ka ce za ka fara da mai taya goma da sanduna rututu irin na hotuna, wallahi wata uku za ka yi ka jefa shi bayan ɗaki.

Fara da faɗin dogo, don komi daga gare shi ake aunawa. Masu wagga sana'a a duniya suna da ma'aunai da sunka saba da su, akwai milimita 32, akwai 45, sannan manya na inci 5 da inci 7 da kwata waɗanda har mutum ke hawa. Ka ɗauki 45. Wani abin daɗi, tsohon dogon Najeriya faɗinshi milimita 1067 ne, in ka raba da 45 za ka samu wajen 24, ke nan komi na jirgin Ƙaura ka raba shi gida 24 ka samu girman naka. Samu takarda mai gida-gida irin ta 'yan makaranta ka zana jirgin daidai girman da za shi kasance, ta gefe da ta sama, ka yanka kwali ka jera tukunya da injin da tankin sifirit ka ga ko kowa ya samu wurin zama. Ni ban yi haka ba karon farko, sai da na gama na tarar fulawil, wato taya mai nauyi da ke riƙe wa injin juyi, shina gugar gindin tukunya.

Kaya kuwa yawo za ka yi. Bututun jan ƙarfe wurin masu gyaran firij da AC ko masu kayan famfo, tagulla daga tsofaffin kawunan famfo wurin 'yan gwangwan, sandunan ƙarfe masu santsi daga cikin mataccen firinta (waɗannan sandunan a miƙe suke sak, sun fi duk abin da za ka saya), giya ta ƙarfe ko tagulla daga tsohon agogon bango. Giyar roba ka bar ta, zafi na taɓa ta ta lanƙwashe. Kayan aiki: bayis, zarto, magagari manya da ƙanana, diril, abin yanka zaren noti, kalifa ta awo, da fitilar gas mai ƙarfi. Injin sassaƙa ƙarfe mai juyawa in ba ka da shi ba komi, silinda da fistin da tayu kaɗai ke buƙatarshi, kai wa masu shi da zanenka a hannu ka tsaya a kansu. In kana son a buga maka wani abu ko ka ari wuta mai ƙarfi, Maƙera Assada na nan.

Injin za ka fara yi, ba tukunya ba, saboda shi kana iya gwada shi da iska ba tare da haɗari ba. Yadda silinda mai lilo ke aiki: silindar tana da fuska shafaffa da ke manne da wani faranti a tsaye, an ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya da sifirin a bayanta. Faranti na da huda biyu, ɗaya ta shigar tururi ɗaya ta fita, silinda na da huda guda. In kiranki, wato sandar fulawil mai ƙusa a gefe wadda fistin ke turawa, ya juya sai silinda ta yi lilo, hudarta ta je kan ta shiga, tururi shi tura fistin, ta dawo kan ta fita, shi fice. Ba bawul ba komi, lilon shi ne bawul ɗin.

Ga awon da ni na yi aiki da shi. Ramin silinda milimita 10, tsawonta 30. Tafiyar fistin 16, wato ƙusar kiranki ta kauce daga tsakiya da milimita 8. Daga ƙusar lilo zuwa tsakiyar kiranki 45, daga ƙusar lilo zuwa hudar tururi 14. In ka yi lissafi, 8 bisa 45 sau 14, za ka ga hudar silinda tana kaucewa wajen milimita 2 da rabi kowane gefe, to nan hudojin faranti za su zauna, kowace faɗin milimita 2. Amma kada ka dogara da rula nan wurin. Yanki ɗan ƙarfe shafaffe ka huda mishi gurbin ƙusar lilo da gurbin hudar tururi da doguwar tsaga ta ƙusar kiranki, ka ɗora shi bisa faranti, ka juya kiranki har shi kai ƙarshen lilo, ka huda ta cikinshi, ka juya ɗaya gefen ka sake hudawa. Rabin milimita in ya kuɓuce maka nan, tururi za shi riƙa wucewa daga shiga zuwa fita kai tsaye, kana ta ƙona sifirit a banza.

Sai gugar fuska, kuma nan ne haƙurin mutum ke bayyana. Shimfiɗa sanfefa mai lamba 600 bisa gilashi, ɗiga ruwa, ka riƙa goga fuskar silinda kana zana lamba 8, ba gaba da baya ba don gefe guda za shi cinye. Koma 1000, ka ƙare da man goge baki. Haka za ka yi wa faranti. In sun yi, ka ɗiga mai ka haɗa su za ka ji sun kama juna kamar da maganaɗisu. Fistin kuma shi shiga ba tare da tilas ba, amma in ka toshe huda da yatsa ka ja shi ka ji shina komawa da kanshi. Ka sa a yanka mishi 'yan layuka biyu a jiki don su riƙe mai. Fulawil na tagulla ko ƙarfe, faɗin 40 zuwa 45, mai nauyi a baki.

Yanzu gwaji. Haɗa tiyo da famfon keke, ko ka je wurin mai faci shi rage maka iska zuwa fam 10 a ma'auninshi na iskar taya. Tura fulawil da yatsa. Injin da ya yi kyau har da hurawar baki shina motsawa. In bai tashi da fam 10 ba kada ka ƙara iska, kwance shi ka nemo inda ya cije. Silinda guda mai turi ta gefe ɗaya ba ta tashi da kanta, dole a tura ta, wannan ba laifin aikinka ba ne.

Firam ba wuya, ƙarfe biyu shafaffu kaurin milimita 2, tsawon 220, amma ka ɗaure su tare ka huda su lokaci guda don gurbin aksul su yi daidai. Tayu faɗin milimita 32 da ɗan leɓe na milimita 2 da ke hana su sauka daga dogo, tsakanin bayan taya da bayan 'yar'uwarta milimita 40. Tsakanin aksul na gaba da na baya kada shi wuce 70 ko 80 in kana son shi sha kwana. Tsakanin injin da taya dole giya. Taya 32 kowane juyi tafiyar santimita 10 ce, in injin na juyi 800 a minti kuma giyarka 4 da 1 ce, ka samu mita 20 a minti, daidai tafiyar da ido ke jin daɗi. Ni da 2 da 1 na fara, ɗan banzan ya fizga kamar ɗan kabu-kabun da ya hango fasinja, kwanar farko ya kife da wuta a cikinshi.

To ga tukunya, nan kam ka gyara zama. Ruwa in ya zama tururi shina kumbura kusan ninki 1,700, shi ya sa 'yar tukunya mai cin rabin kofi ke iya raba mutum da idonshi. Gwangwanin madara, gwangwanin turare, na maganin sauro, alminiyam, bututun ruwa mai farin shafe, duk babu su. Tagulla ma ba a jikin tukunya da ita, don ruwan zafi na cinye tutiyar da ke cikinta a hankali har ta zama kamar biskit. Jan ƙarfe zalla marar ɗinki, faɗin milimita 50, kauri 1.5, tsawo 120. Wannan na cin ruwa kusan mil 200, wato mililita.

Marufan gefe biyu daga jan ƙarfe mai kaurin 2 za ka yi su. Yanka da'ira da ta fi bakin bututu da milimita 6 ko'ina, gasa ta har ta yi ja, tsoma a ruwa, za ta yi laushi. Ɗora ta bisa icce mai tauri da anka sassaƙa faɗinshi ya gaza cikin bututu da milimita 4, wato kaurin murfi sau biyu, ka riƙa bugun bakin da guduma a hankali shina lanƙwasawa kamar murfin kwano. Da ka ji ya fara tauri ka sake gasawa, sau uku ko huɗu, in ka matsa mishi tsagewa za shi yi. Huda tsakiyar kowane murfi ka ratsa sandar jan ƙarfe mai kaurin 5 daga wannan gefe zuwa wancan, ita ke hana marufan kumbura. A bisa tukunya huda uku: ta bawul ɗin tsaro wadda ta nan ake zuba ruwa, ta ɗaukar tururi, ta geji mai nuna ƙarfin tururi. Kowace a sa mata ɗan zobe mai zaren noti.

Abin liƙi shi ne inda mutanenmu ke faɗawa rami. Dalmar masu gyaran rediyo na narkewa wajen digiri 183, tukunyarka kuma a fam 30 ruwan cikinta ya kai digiri 134, tun nan dalma ta yi laushi, ranar da ruwa ya ƙare kuwa minti guda ya isa ta zube. Sandar azurfa ake so, mai azurfa kashi 55, tana narkewa sama da digiri 600. Tana da tsada, awo, amma kaɗan take ci. Sandar da masu firij sunka fi amfani da ita mai fosfaras ce, ni ban sa ta a tukunya, kuma in da niyyar wutar kwal wata rana to haramun ce gaba ɗaya don farar wutar da ke cikin kwal na cinye ta. Goge wurin haɗi har shi yi ƙyalli, dama hodar da ake liƙin azurfa da ita da ruwa ka shafa, kewaye aikin da bulo mai jure wuta don zafi shi taru, ka gasa tukunyar duka ba wurin haɗin kaɗai ba. In hoda ta narke ta zama kamar ruwa, jan ƙarfe ya yi ja kaɗan, taɓa sanda a jikin haɗin, zafin ƙarfen ne za shi narkar da ita ba harshen wuta ba, za ka ga ta bi layi da gudu. Bar ta ta huce, jiƙa ta cikin ruwan tsami, garin lemun tsami na masu kek ko jiƙon tsamiya mai kauri, ka wanke, ka duba ko azurfa ta zagaye ko'ina.

Kafin wuta ta taɓa ta sai an gwada ta da ruwa, ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki. Aikinmu fam 30, gwaji fam 60. Cika ta maƙil har ba sauran iska ko kaɗan, toshe hudoji, bar geji, ka matsa ruwa da famfon gwajin bututu na masu aikin famfo, ka bar ta minti 15 kana dubawa. Dalilin ruwa, shi ba shi matsuwa, in wuri ya fashe tsartuwa kawai za shi yi. Iska kuwa bam ce. Kada wani shi ce maka kawo mu sa mata kwamfuresa mu gani, a'a. In ka ga ɗigo ko gumi a wani haɗi, zubar da ruwa, tsabtace, sake liƙi, sake gwaji.

Bawul ɗin tsaro ɗan ƙwallo ne na ƙarfe marar tsatsa, milimita 4 ko 5, zaune bisa huda mai faɗin 3, sifirin na danne shi. A fam 30 ƙarfin da ke tura ƙwallon bai wuce nauyin giram 150 ba, don haka sifirin mai laushi ake so, kana iya gwada shi bisa sikelin kicin. Don mazauni shi zauna, ɗora wani ƙwallon boris mai girma ɗaya bisa hudar ka buga sau guda da 'yar guduma, ka jefar da wannan ka sa marar tsatsan. Ƙwallon boris in ka bar shi ciki sati guda ya yi tsatsa ya liƙe, bawul da ya liƙe kuwa gara babu shi don shina sa ka saki jiki. Geji kuma a haɗa shi da ɗan bututu mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ruwa shi taru ciki shi tare tururi.

Murhu ɗan tanki ne a baya da bututu zuwa ƙoƙuna uku masu faɗin 6 ƙarƙashin tukunya, a cusa lagwani ba da matsi sosai ba, tsakanin kan lagwani da gindin tukunya wajen milimita 20 zuwa 25. Sifirit mai ƙarfi za ka nema a kemis, mai kashi 70 ruwa ya yi mishi yawa. Fetur ko a mafarki. Kananzir kuma baƙi za shi yi maka ko'ina. Ka kewaye wutar da faranti mai hudojin iska a ƙasa, in ba haka ba iskar hunturu na kaɗawa ƙarfin tururi ya faɗi. Sannan ka san wutar sifirit ba a ganinta a rana, balle ranar Sakkwato ta watan huɗu, ni da yatsa na gano tana ci. Yi wasanka da yamma ko a inuwa, bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma kusa, yara nesa kaɗan, kuma ba a ƙara sifirit sai an tabbata wuta ta mutu.

Ƙa'ida guda da ba a karyawa: sifirit shi ƙare kafin ruwa. Cika tukunya ka zuƙe mil 50 da sirinji don tururi shi samu wuri, saura 150. Zuba sifirit mil 25, kunna, in ta mutu ta huce ka auna ruwan da ya rage, in bai kai kashi ɗaya cikin uku ba rage sifirit. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin farin dutse a ciki kamar na tsohuwar buta, yi amfani da tataccen ruwan sama ko ruwan da ake sayarwa na ƙarin batir, wanda ba asid a ciki, karanta robar da kyau.

Ranar farko da na kunna nawa, injin da ke gudu da iska kamar me ya tsaya shina tofar da ruwa, ƙanena na gefe shina dariya wai Yaya wannan ai butar shayi ka ƙera. Abin da ke faruwa, tururi na tarar da silinda da sanyi sai shi koma ruwa. Magani, riƙa juya fulawil da hannu har ruwan shi fita silinda ta yi zafi, ka naɗe bututun tururi da zaren auduga, in da hali ka bi da bututun ta cikin wuta sau guda kafin shi kai injin don tururin shi bushe. Wannan kaɗai ya canza man jirgin.

Daga nan gyara ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ka riƙe littafi kana rubuta abin da ka taɓa da minti nawa ya yi da tarago nawa ya ja. Abu guda ake canzawa a kowane gwaji, in ka taɓa uku ya gyaru ba ka san wanne ya yi aikin ba. In tururi na fita ta fuskar lilo, ƙara matse sifirin kaɗan, in injin ya yi nauyi ka sassauta, tsakanin biyun bai wuce rabin juyin noti ba. In geji na faɗuwa da ya fara tafiya, wuta ta yi kaɗan ko akwai yoyo, duba yoyo tukun. In tayu na juyawa wuri guda, goge dogo don mai ne ya zuba, sannan ƙara nauyin dalma bisa tayun da ke ja. In gudu ya yi yawa sa ɗan bawul mai allura a bututun tururi. Baya kuwa, musanya hanyar shiga da ta fita kawai, injin sai shi juya ta ɗaya gefen.

Mai ma sai an kula. Man mota tururi na wanke shi, akwai mai kauri na musamman na injin tururi, shi za ka sa a kawo maka. Ana ba shi ta ɗan kwalbar tagulla da bututun tururi ke ratsawa, da huda ƙarama ƙasa da milimita 1, tururi shi shiga shi zama ruwa shi nutse, mai shi taso shi bi tururi zuwa silinda. Bayan kowace tafiya a zuƙe ruwan a ƙara mai.

Dogo ni da siraran alminiyam na yi, na tsaga 'yan itace na soka su tsaye, da'irar da daga tsakiyarta zuwa baki mita guda ce, a tsakar gida. In ka gama wasa ka sassauta bawul ɗin tsaro bayan geji ya koma sifili, don tukunya in tana hucewa tana zuƙo iska, in ba ta samu hanya ba man silinda za ta jawo cikinta. Zubar da ruwan, goge jirgin, rufe shi cikin akwati don ƙurar garin nan in ta haɗu da mai a fuskar lilo ta zama sanfefa. Duk shekara a maimaita gwajin ruwa.

Nawa yanzu shina yin minti 14 da tarago uku cike da tsakuwa. Na biyun da ke kan bayis silinda biyu gare shi masu turi gaba da baya, kirankinsu a kauce da digiri 90 don shi tashi da kanshi ba sai an tura ba, sai dai wannan na buƙatar marufi a ƙasan silinda da abin hana yoyo inda sandar fistin ke fita, kuma sau biyu ke nan ina lalata murfin.